Ƙwarzane da Karkata a Jikin Wuƙar Aljihu Mai Araha: Wanne Ne Aibi na Gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Na sayi wuƙar aljihu mai ninkewa ƙirar Sin a Idumota domin yanka kwali da igiya da feren lemu. Da na duba ta a haske sai na ga ƙwarzane a jikin ruwan, washin gefe ɗaya ya fi ɗayan faɗi, idan na ninke ta ruwan ba ya zama a tsakiyar ƙota, ga kuma ɗigon tsatsa da ya bayyana alhali an rubuta cewa ƙarfen ba ya tsatsa. Cutata aka yi, ko haka masu araha suke?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa abin da ka bayyana, ba na ganin an cuce ka, domin cikin abubuwa huɗun nan da ka lissafa babu wanda zai hana wuƙa aiki ko ya sa ta yi maka rauni. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ce komai ba game da makullinta, wato abin da yake riƙe ruwan idan an buɗe, alhali a nan ne ake gane wuƙar da ta cancanci kuɗinta.

Yawancin wuƙaƙen aljihu masu araha da suke shigowa kasuwannin Legas ana ƙera su ne a Sin, musamman a birnin Yangjiang na lardin Guangdong. Inji ne yake yanko ruwan daga faifan ƙarfe, amma washin ƙarshe sau da yawa ma'aikaci ne yake yin sa da hannu a kan inji mai gudu, kuma ba ya ɗaukar lokaci a kan kowace. Shi ya sa gefe ɗaya yake fin ɗayan faɗi. Abin da ake biya a wuƙa mai tsada, ban da nagartar ƙarfe, shi ne lokacin mutumin da zai zauna ya goge, ya daidaita, ya duba, ya ware wadda ba ta yi ba. Wannan lokacin ne masana'anta take fara yankewa idan tana son ta sauko da farashi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Ƙwarzanen da ka gani yawanci daga wurin haɗawa yake, ko daga gogayya a cikin kwali, kuma mako guda na yankan igiya zai ƙara masa wasu. Washin da bai daidaita ba kuwa yana gyaruwa da sannu duk lokacin da ka ɗora ta a dutse, muddin ka riƙe kusurwa ɗaya a ɓangarorin biyu, kimanin digiri 20 kowane gefe, ka ɗan fi ba gefen da ya ƙanƙance hannu.

Batun rashin zama a tsakiya yana bukatar a duba shi da kyau. Ninke wuƙar ka ɗaga ta ga haske, ka leƙa tsakanin ɓangarorin ƙota biyu. Idan ruwan ya karkata amma akwai sarari tsakaninsa da bangon ƙota, to aibin ido ne kawai. Idan kuwa yana gogar bangon har ya bar zane mai sheƙi a jikinsa, sai a nemi dalili. Sau da yawa sukurun da ruwan yake juyawa a kansa ne ya saki ko aka ɗaure shi fiye da kima, kuma ɗan ƙaramin sukudireba mai bakin tauraro, irin Torx mai lamba T8 ko T6 da ake samu a wurin masu gyaran waya, yana iya daidaita shi. A juya kaɗan-kaɗan, domin sukurun wuƙa mai araha yana da taushi, kansa yana saurin cinyewa. Amma idan ruwan ne da kansa ya lanƙwashe, wanda za ka gane idan ka buɗe ka hango shi daga baya zuwa tsini, wannan ba ya gyaruwa da sukudireba.

Tsatsa kuma, a garin da yake bakin teku irin Legas, inda iska take ɗauke da danshi da gishiri, ba abin mamaki ba ce. Ƙarfen da ake kira maras tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda yake jinkirta tsatsa, ba ya hana ta baki ɗaya. Duba lambar da aka buga kusa da gindin ruwan. Idan 8Cr13MoV ce, ƙarfen yana da kabon, wato sinadarin da yake ba shi tauri, kimanin kashi 0.8 da kuromiyam kimanin kashi 13, kuma matsakaici ne mai kyau a farashinsa. Idan 3Cr13 ce, kabon ɗin kimanin kashi 0.3 ne, saboda haka tana saurin dakushewa, sai dai tana da sauƙin washi. Ƙarfe mai lamba D2 ya fi su riƙe kaifi, amma ya fi su saurin tsatsa. Haka nan ruwan da aka yi wa feshin yashi ya koma toka-toka ya fi mai sheƙi kama tsatsa, domin danshi yana maƙalewa a ƙananan ramukansa. Mai yiwuwa ruwan lemu da gumin aljihu su ne suka jawo ɗigon da ka gani. Ka goge shi da lallausar takardar yashi, ka riƙa wanke ta ka tsane bayan fere, ka ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar kawai, shi kuwa ruwan da yake taɓa abinci a shafa masa ɗan man girki a goge.

Yanzu ga abin da ba a yi wa uzuri komai arahar wuƙa. Buɗe ta har makullin ya kama, ka riƙe bayan ruwan da tsumma ka motsa shi. Ɗan motsi zuwa dama da hagu yawanci na sukuru ne, ana ɗaure shi. Motsi sama da ƙasa kuwa alama ce cewa makullin bai zauna ba. Yawancin masu araha suna da siririn faifan ƙarfe a cikin ƙota wanda yake tsallakowa ya tokare gindin ruwan. Ya kamata kaurin faifan duka ya hau gindin. Idan bakinsa kawai ya taɓa, zai iya zamewa, idan kuma ya tsallake har ya kai ɗaya bangon tun wuƙa tana sabuwa, ba shi da sauran wurin ci. Bayan haka ka kawar da yatsunka daga hanyar kaifi, ka danna bayan ruwan a kan katako da matsakaicin ƙarfi. Wuƙar da ta ninke a wannan gwaji kada ka sake aiki da ita, domin ranar da za ta ninke a kan igiya mai tauri, a kan yatsunka za ta sauka. Haka nan idan tsini yana leƙowa waje alhali wuƙa tana ninke, ko ruwan yana buɗewa da kansa idan an girgiza ta, ko akwai tsaga a jikin ƙarfen.

Aibi na biyu mai nauyi ba ya ganuwa da ido, shi ne rashin gasa ƙarfen da sanyaya shi yadda ya kamata. Yanka kwali ɗaya gunduwa-gunduwa, sannan ka gwada ta a takarda. Idan bakin ya kwanta gefe ko ya ɓaɓɓalle ko da bayan washi biyu ko uku, ƙarfen bai samu wuta daidai ba, kuma lambar da aka buga a jiki ba za ta cece shi ba. Na ce bayan washi biyu ko uku ne saboda zafin injin masana'anta yakan raunana bakin farko, ƙarfen ƙwarai yana can ƙarƙashinsa.

Akwai wata cuta da ta fi ƙwarzane yawa a kasuwa, ita ce ta jabu. Kamfanin Victorinox na Suwizalan, wanda ya faro a 1884, da Opinel na Faransa, wanda ya faro a 1890, suna da ƙananan wuƙaƙe masu sauƙin kuɗi da tsaftar ƙira, amma wuƙar da take ɗauke da sanannen suna a farashin da bai kai rabin na asali ba abar tuhuma ce. A ganina gara wuƙar Sin mai ɗauke da sunan masana'antarta da wadda ta ari sunan wani.

Tun da mayar da kaya bayan an bar shago yana da wuya a kasuwanninmu, nan gaba ka nemi mai shago ya fito maka da uku ko huɗu iri ɗaya, ka gwada makullin kowace a gabansa kafin ka biya, domin ko a kwali ɗaya suna bambanta. Taka kuma, idan ta tsallake gwajin makulli da na kwali, ka wasa ta ka ci gaba da aiki da ita.