Amsa ga mai tambaya kan tallafin gyara shugabancin ƙungiya

Salamu alaikum 'yar uwa. Kin ce ƙungiyarku ta wasan daɓe a unguwar Rikkos ta Jos ta shekara shida, kun nemi tallafin ƙarfafa gudanarwa sau biyu ba a ba ku ba, kina son sanin inda gizo ke saƙar.

Wannan kuɗi ba na sayen kyamara ba ne ko ɗinkin kayan wasa. Na biyan akanta ne da odita, da horar da wanda zai iya riƙe ƙungiya bayan shugaba, da rubuta tsarin aiki na shekara uku. Abin da ke ran mai bayarwa shi ne: in ke kika kwanta jinya wata uku, ƙungiyar za ta motsa? Takardu da yawa sukan cika shafi da lissafin wasannin da aka yi, ba su ko taɓo wannan ba.

Ki duba rajistarku. In ta sunan kasuwanci ce, ba ita ake nema ba. Ana son rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin sashe na F na dokar CAMA ta 2020. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sai lambar haraji ta TIN, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai tambaya kafin ya buɗe muku asusu. Asusun da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu. Muddin kuɗin ƙofa na shiga asusun wayar shugaba, magana ta ƙare tun ba a fara ba. Kuma ana miƙa wa CAC rahoton shekara. Wanda ya yi rajista ya kwanta, bincike ɗaya a intanet zai tona shi.

Amintattu kuma, don Allah kada su zama maigida da ƙani da kawu. Ku nemi biyar: mai sanin lissafi, lauya, wani malami daga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, da mutum biyu da unguwa ke jin maganarsu. Su zauna duk wata uku, a rubuta abin da aka yanke, a sa hannu. Ana neman mutumin da zai iya ce miki a'a, ya kwana lafiya.

Wajen nema, asusun UNESCO na tallafa wa al'adu, IFCD, yana bayar da har dala 100,000, amma ba don shirya wasa ba, kuma sai takarda ta bi ta hukumar UNESCO ta ƙasa a Abuja an tace ta. Ford Foundation galibi su ke neman ƙungiya da kansu. A ganina ku fara da ƙananan kiran neman tallafi irin na British Council ko cibiyar al'adun Faransa a Abuja, ku kashe, ku yi rahoto mai tsabta. Shi ne tsanin.

Kasafi ne ke kayar da mutane. Ku rubuta farashin canjin da kuka yi lissafi da shi da ranarsa, ku tambaya ko yarjejeniya da naira ce ko da dala. Wanda ya sa hannu da naira a farkon 2023, dala na wajen 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, kwamfutar da ya rubuta ta fi ƙarfinsa. In kuma canji ya kawo rara, ba ganima ba ce. A sanar, a nemi izini a rubuce. Haka ɗauke kuɗin horo a biya hayar ofis, ko da niyya ta gari, sai da izini.

Mai Keke ba ya ba da rasit, kowa ya sani. Ku buga bauca: suna, kwanan wata, daga Taminus zuwa Bukuru, nawa aka biya, sa hannun mai karɓa da na mai amincewa, a ranar ba ƙarshen wata ba. Masu bayarwa da yawa sukan riƙe kason ƙarshe sai sun ga rahoto, to bauca goma da suka ɓace sun isa su tsayar da shi.

Kada ku ɗauki akanta na cikakken lokaci da albashin da tallafi kaɗai ke iya biya, don ranar da ya ƙare zai tafi da duk abin da ya sani. Ku ɗauki na kwana biyu a mako, ku sa a yarjejeniyarsa cewa zai koya wa ma'ajinku rufe littafin wata, fayilolin kuma su zauna a kwamfutar ƙungiya, ba a tasa ba.