An ɗora ni a kan aikin manhaja, wa'adi ya wuce: ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai rubuta manhaja ne. An ba ni jagorancin mutum huɗu mu haɗa wa wata makarantar kuɗi manhajar biyan kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Wata uku aka yi da mu, ga shi mun shiga na biyar. Kullum mai makarantar da sabon abin da zai ce a ƙara, ogana kuma ya ce zai ƙaro mana mutum uku don mu yi sauri. Ban taɓa koyon tafiyar da aiki ba. Mene ne tushen abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka roƙi oga ya dakata da maganar ƙarin mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, babbar manhajar tafiyar da kwamfutocin kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi. Sabon zuwa sai an zaunar da shi an koya masa, kuma masu koyarwar su ne waɗanda ya kamata a ce suna kan aiki. Sannan ku biyar, hanyoyin magana a tsakaninku 10 ne. In kun zama takwas, sun koma 28. Kowace hanya kafa ce ta "ai na ɗauka kai za ka yi".

Ciwonku na gaskiya yana wajen mai makarantar, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Kowane aiki a kan abu uku yake tsaye: girman abin da za a yi, lokaci, da kuɗi. In aka taɓa ɗaya, dole ɗaya daga cikin sauran ya motsa. In an ce babu wanda zai motsa, to inganci ne zai biya bashin, a miƙa manhajar da ke lissafa kuɗin ɗalibi sau biyu. Wanda ya sa aka yi masa gini ya san in ya ce a sauya wa banɗaki wuri bayan an zuba kankare, zai sake sayen siminti. Manhaja kuwa ba a ganin ta da ido, shi ya sa mai ita yake ɗaukar kowane ƙari a matsayin "ɗan ƙaramin abu". Aikinka ne ka nuna masa farashin.

Saboda haka ka zauna da shi a wannan makon, ku rubuta duk abin da ya taɓa nema, tsoho da sabo, a takarda ɗaya. Ka tambaye shi: in gobe za a koma makaranta, wanne ne ba za a iya buɗewa ba sai da shi? Ina kyautata zaton biyan kuɗi ne da rasit, don sakamako sai ƙarshen zango ake bukatarsa. Wannan shi ne kashi na farko. A gaban kowane abu ku rubuta me ake nufi da an gama shi, misali uba ya biya ta waya, rasit ya fito, akanta ya ga kuɗin a shafinsa. Ya sa hannu. Daga ranar, in ya zo da sabon abu kada ka ce a'a, kada kuma ka ce to. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, za a yi, zai ci kwana kaza. A ɗaga ranar miƙawa, ko a cire wani abu a sa shi?" Da yawa daga buƙatun a nan suke mutuwa da kansu. Umarnin da ya zo ta saƙon murya a WhatsApp kuwa, ka mayar da shi rubutu ka tura masa ya amince.

Sai ku daina ɓacewa wata guda kafin ku nuna abu. Ku yanka aikin mako bibbiyu, ƙarshen kowanne ku nuna abin da ke aiki, akanta da malamai su taɓa da hannunsu. Wannan ne ruhin tsarin Agile, wanda masana 17 suka rubuta ƙa'idojinsa a jihar Utah ta Amurka a 2001. Daga Scrum, ɗaya daga cikin rassansa, ka ari taron minti 15 na kullum: me aka yi, me za a yi, me ya tsaya. Wajen rubuta ayyukan kuwa, allo ma ya isa, ko manhajar jera ayyuka ta Trello, in kuna so.

Ka lura da ayyukan da ba a hannunku suke ba, domin su ke riƙe ranar gamawa. Haɗa manhajar da kamfanin karɓar kuɗi na buƙatar takardun makarantar da amincewar kamfanin. Sunayen ɗalibai kuma suna cikin rajista ko Excel, cike da maimaici da kuskuren rubutu, kuma babu wanda ya taɓa sa kwanakin gyara su a lissafi. Ka fara bibiyar waɗannan yau. Ka tabbatar kuma duk abin da aka rubuta yana GitHub, ma'ajiyar masu rubuta manhaja a intanet, ba a kwamfutar mutum ɗaya ba.

Gwaji shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, shi ne kuma ba zan yarda ka yanke ba. Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, an buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 2013 alhali ba a gwada tsarin gaba ɗaya ba sai ana saura 'yan makonni. Mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Kai ka fara da aji ɗaya, ku ga inda yake yoyo, kafin a sanar da duk iyaye.

Takardun shaidar ƙwarewa a tafiyar da aiki irin su PMP na cibiyar PMI ko PRINCE2 na Birtaniya suna da amfani wajen neman aiki, amma su jira. Abin da ke gabanka shi ne sabuwar ranar miƙawa. Waɗanda za su yi aikin su za su ƙiyasta ta, ba oga ba. Ku ƙara 'yan kwanaki saboda wuta da intanet da rashin lafiya, sannan ka faɗa wa mai makarantar da bakinka tun kafin ya tambaya.