Tambayi Likita: Gyaran Jijiyar Zuciya Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Daga Tawa: Likita, an ce jijiyar zuciyar mahaifina ta toshe, an tura mu Yamai a "sa masa tiyo". Tsaga shi za a yi?

A'a, Malam, kwantar da hankalinka, Allah ya ba Baba lafiya. Likitan zuciyar da za ku gani ta cikin jijiya yake aikinsa. Zai yi wa Baba allurar kashe zafi a wuyan hannu ko matsematsi, ya zura siririn tiyo mai kaurin milimita 2 zuwa 3 har bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ya tura wani ruwa da ke fitowa a hoto. Inda kitse ya matse hanya sai ya hura 'yar balan-balan, ya bar 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare wurin. Galibi majinyaci idonsa biyu, har suna hira da likita. Aikin ba sabo ba ne, wani likita mai suna Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar da balan-balan a Zurik ta ƙasar Suwizalan tun 1977. In Baba na da ciwon ƙoda ko yana shan maganin suga na metformin, ku faɗa tun kafin a shiga ɗaki, don ruwan nan yana iya wahalar da ƙoda.

Daga Wadata, Yamai: An sa wa maigidana sitent wata 3 da suka wuce, ya ji garau. Zai iya barin magani? Kuɗin ya yi mana nauyi.

Hajiya, don Allah kada ya bari ko na kwana ɗaya. Jini bai saba da ƙarfen ba tukuna, yana iya daskarewa a kansa ya rufe jijiyar farat ɗaya. Shi ya sa ake haɗa aspirin da clopidogrel, yawanci wata 6 zuwa 12, kuma likitan da ya yi aikin ne zai ce a rage. Na san aljihu na kuka. Ku gaya masa gaskiya ya duba mai rangwame. Sitent wuri guda ya gyara, hawan jini da suga da taba kuwa suna nan suna ɓarna a sauran jijiyoyin.

Daga Tawa: In ƙirji ya kama mutum da dare, Yamai za a nufa?

Ƙanena, asibiti mafi kusa tukuna. Nauyi a ƙirji da gumi, mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, in ya wuce minti 15 ba a jiran asuba, ba a tsayawa jiƙa kanwa. A yi masa awon bugun zuciya nan take, likitocin wurin su yanke ko allurar narkar da gudan jini ce ta dace ko tafiya Yamai, mai nisan fiye da kilomita 500.