Kaji da furanni a tsakar gida ɗaya

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan ɗaki a nan Funtuwa. Na shuka lalle da ɗoɗɗoya da soborodo, kuma damina ta karɓe su, lallen har ya fara fure. Ina son kaji kamar goma don ƙwan yara. Maigida ya ce in sayi Noiler, surukata ta ce kajin Hausa sun fi ƙarko. Wanne zan bi, kuma yaya zan yi kada su lalata min shuka?

Amsa: Uwargida, kowannensu da gaskiyarsa. Kazar Hausa tana kiwon kanta, ta kwanta a kan ƙwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta kuma tsaya wa 'ya'yanta in shirwa ta kawo sura. Sai dai ƙwanta a shekara ba ya cika wuce 40 zuwa 60, domin rabin lokacinta kwanci da reno ne. Noiler, wadda kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ya fitar, ta ninka wannan in tana samun abinci, ga jiki. Amma ba ta cika kwanci ba, kuma dusa kaɗai ba za ta riƙe ta ba. Tunda ƙwai kike nema, ni da zan zaɓa miki, sai in ce Noiler bakwai da 'yan gida uku. In kin so tsaki, sai ki sa wa 'yan gidan ƙwai su ƙyanƙyashe miki, har na zabi ma suna karɓa.

Kada ki sayi 'yan kwana ɗaya a cikin damina. Suna bukatar ɗumi dare da rana, ga wutarmu kin san halinta. Nemi 'yan sati huɗu ko biyar, ki tambayi mai sayarwa ko an ba su LaSota, wato rigakafin cutar Niyukasil, da na cutar Gumboro. In ya fara kame-kame, kama hanyarki.

Wannan rigakafin shi ne abin da na fi so ki riƙe. Cutar Niyukasil, wadda ke sa kaza ta yi zawo kore, ta murɗe wuya, tana share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, kuma kajin Hausa ma ba ta ƙyale su ba. Ba ta da magani, barkono a ruwa ba ya korar ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wani rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido. Ki tuntuɓi likitan dabbobi, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa a ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Batun shuka, lallen da ya yi itace ba abin da za su yi masa, har inuwarsa za su sha. Ɗoɗɗoya da ƙananan soborodo ne abin tausayi: da yamma ɗaya za su tone saiwa su bar miki rami. Cire kuɗin raga tun kafin ki sayi kaza, ko a kewaye shukar da kara a ɗaure shi sosai daga ƙasa, don ta nan suke kutsawa. In zaƙami ko zurma sun fito a filin, tuge su, 'ya'yansu guba ne.

Kashin kajin kuma kada ki zuba shi ɗanye a gindin lalle, yana ƙona saiwa. Tara shi da ƙaiƙayin da kika share daga akurki, ki yayyafa ruwa, ki riƙa juyawa wata biyu zuwa uku har warin ya tafi, sannan ki kai wa shuka.