Lambobin da ke cikin wayarka amana ce, kada ka ba manhaja izini

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don abin da ka tambaya ya taɓa cina. Ka ce ka sauke wata manhajar gyaran hoto, da ka buɗe ta sai ta nemi izinin shiga lambobin wayarka, da sanin inda kake, da makirufo. Ka kuma ce kai ba ɗan siyasa ba ne, ba attajiri ba, ba ka da abin ɓoyewa, to mene ne aibi in ka amince?

Amsata a taƙaice ita ce kada ka ba ta. Hotuna kaɗai take buƙata, su ma waɗanda ka zaɓa. Amma wannan magana ta "ba ni da abin ɓoyewa" ita nake so mu tsaya a kai, domin ni ma da bakina na sha faɗin ta.

Shekarun baya na sauke irin manhajar nan da ke nuna maka sunan mai kira ko da ba ka da lambarsa. Ta nemi lambobina, na danna ba tare da wani tunani ba. Bayan wasu watanni wani ya kira ƙanwata da daddare. Bai kira ta da sunanta na yanka ba, sai ya kira ta da sunan da muke kiran ta da shi a gida, wanda ko ƙawayenta na makaranta ba su san shi ba. Ya ce shi abokina ne, na yi hatsari, ana neman kuɗi cikin gaggawa. Allah Ya taimaka ta katse ta kira ni kafin ta tura komai. Har yanzu ina tuna muryarta, tana rawa, tana cewa "Yaya, kana ina? Yi magana in ji ka." Washegari muka sa lambarta a wannan manhaja daga wayar wani, sai ga sunan nan ya fito, da irin rubutun da na yi shi a wayata, har da harafin da na saba maimaitawa a ƙarshe. Ita ba ta taɓa sauke manhajar ba, ba a taɓa tambayar ta ba. Ni na miƙa ta.

Tun ranar na daina kallon lambobin wayata a matsayin kayana. Duba taka ka gani: lambar mahaifiyarka, ta matarka, ta likitanka, ta wanda kake bi bashi da wanda yake bin ka, ta wata baiwar Allah da ta canza layi don guje wa mai takura mata ta kuma ba ka sabon saboda ta yarda da kai. Kowannensu ya ba ka ne kai, bai ba wani kamfani da bai san sunansa ba. Ko da a ce kai ba ka da abin ɓoyewa, ba ka da hurumin yanke wannan hukunci a madadinsu.

Kuma kada ka ɗauka ƙananan manhajoji ne kawai. Badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin nazarin bayanai don kamfen ɗin siyasa, wadda ta fashe a 2018, a kan wannan ƙofa ta shigo. Mutum wajen 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyin gane hali a Facebook, amma saboda tsarin lokacin yana barin manhaja ta kwashi bayanan abokan wanda ya amince, sai da abin ya shafi mutum har miliyan 87 bisa ƙiyasin Facebook ɗin kansa. Mafi yawansu ba su danna komai ba, abokansu ne suka danna. A 2019 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. An biya tara, amma bayanan da suka fita sun fita. Magana zarar bunu ce, haka ma bayanai.

Game da tambayarka ta me mai gyaran hoto zai yi da inda kake, ai ruwa ba ya tsami banza. Manhajar da ba ka biya ko sisi ba tana da ma'aikata da ke karɓar albashi, kuma galibi daga talla kuɗin ke fitowa. Mai talla kuwa ya fi biya idan ya san wane ne kai, ina kake kwana, ina kake wuni. Tun a 2013 FTC ta kama masu wata manhajar tocila ta Android, wadda miliyoyin mutane suka sauke, tana tura wurin da mutum yake da lambar shaidar wayarsa ga kamfanonin talla ba tare da ta bayyana ba. Tocila fa, wadda aikinta kunna fitila. Haka kuma manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin mutane, in an yi jinkirin biya su bi dangi da abokan aiki da saƙonnin tozarci, har sai da Google ta hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a kasuwarta ta Play daga ƙarshen Mayun 2023. Girman kasuwar tallan nan kuwa, ka auna shi da wannan: da Apple ta fara tilasta wa manhajoji tambayar mai iPhone kafin su bi sawunsa a 2021, kamfanin Meta, mai Facebook, ya ce hakan zai rage masa kuɗin shiga wajen dala biliyan 10 a 2022. Tambaya guda ɗaya, "ka yarda ko ba ka yarda ba", ita ta kai haka.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne yanzu ikon ya ɗan dawo hannunmu. Kafin Android 6 da ta fito a 2015, ko dai ka amince da duk abin da manhaja ta nema a dunƙule ko ka haƙura da ita. Yanzu kowane izini daban ake tambaya, kuma za ka iya janye shi daga baya. Ni ga yadda nake yi. In manhaja ta nemi abu, sai in tambayi kaina ko aikin da na sauke ta dominsa zai yiwu ba tare da shi ba. Taswira tana buƙatar sanin inda nake, amma lokacin da nake amfani da ita kawai, kuma akwai wannan zaɓin. Manhajar hira tana da hujjar neman makirufo saboda saƙon murya. Wasa ko mai gyaran hoto ba su da abin yi da lambobi. Sau da yawa in ka hana, manhajar za ta ci gaba da aikinta lafiya ƙalau, abin da ke nuna maka dama can ba don kai ta nema ba. Wadda ta ƙi buɗewa sai ka ba ta, goge ta, akwai goma irinta.

Ka shiga saitin wayarka yau, wajen sirri, ka buɗe inda aka jera izini. Ranar da na fara dubawa na tarar da manhajojin da na manta ma suna wayar, amma suna riƙe da izinin kyamara da na saƙonnin tes. Na tes ɗin nan ya fi tayar mini da hankali, domin ta nan lambobin tabbatarwa na banki da na sauran asusu suke shigowa. Ka kuma lura da ɗan ɗigon nan kore da ke fitowa a saman allo a sababbin wayoyi, daga Android 12 zuwa sama: alama ce ana amfani da kyamara ko makirufo a wannan lokacin. In ya fito alhali ba kai ka kunna komai ba, ka bincika.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma a makare na gane shi. Goge manhaja daga waya ba ya goge abin da ta riga ta kwasa, yana nan a rumbun kamfanin. Dole ka rufe asusun daga cikin manhajar, ka kuma rubuta musu ka nemi su share bayananka. Wannan ba roƙo ba ne, a wurare da yawa haƙƙi ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum damar neman a nuna masa abin da aka tara a kansa, a gyara ko a share, kuma kamfani ya amsa cikin wata guda. Wanda ya karya manyan sharuɗɗanta ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a duk duniya. Ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin a kan wannan turba, Birazil na cikinsu, haka jihar Kalifoniya a Amurka. Ka nemi sanin abin da dokar inda kake ta ba ka, da hukumar da ake kai wa ƙara. A ganina ma bai kamata nauyin ya tsaya kan mai waya ba. Zalunci ne a jibga wa mutum shafuka na sharuɗɗa cikin harshen lauyoyi, a san ba zai karanta ba, sannan a ce ai ya amince.

Ni sai da na rubuta wa waccan manhaja sau biyu kafin su cire sunan ƙanwata, kuma wanda ya riga ya kwafa ya kwafa. A ƙarshe layin ta canza. In ka riga ka danna amincewa kafin ka yi tambayar nan, fara janye izinin lambobi da na inda kake, sannan ka rufe asusun, sai ka goge ta. In ka rasa inda saitin yake, faɗi irin wayarka a nan in nuna maka.