Ƙananan ƙurajen fuska: amsoshin tambayoyinku na wannan satin

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin fata sun yi yawa a wannan satin, na zaɓi guda huɗu da suka shafi fuska, sauran sai wani karon in Allah ya kai mu.

Wata baiwar Allah daga Pantami, Gombe: Likita wasu fararen ƙuraje ne mitsi-mitsi a ƙasan idona kamar ƙwayar gero, ba zafi ba ƙaiƙayi, na matsa na matsa amma ba abinda ke fitowa. Pimpul ne?

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Yadda kika kwatanta ya fi kama da abin da muke kira miliya. Matacciyar fata ce ta maƙale a ƙarƙashin fata ta dunƙule, ba ta da baki shi yasa ko kin kwana matsawa ba za ta fito ba, sai dai ki bar wa kanki baƙin tabo. Mai mai kauri da ake laftawa a kewayen ido yana jawo ta, har jarirai sabuwar haihuwa suna yin ta a hanci ta tafi da kanta cikin ƴan makonni. In ta dame ki a asibiti ake cirewa da allura mai tsafta. Amma in kalar fatarki ce ba fari ba kuma a jere ƙasan idanu biyun, to akwai wani iri da ke fitowa daga hanyar gumi, shi allura ba ta masa komai, sai an gani.

Wata amarya daga Yelwa, Bauchi: kafin biki mai gyaran jiki ta haɗa min mai, na yi haske sosai, yanzu wata na uku ƙuraje sun feso min a goshi da kewayen baki, in na daina shafawa sai fuskar ta yi ja tana raɗaɗi, in na koma sai ta lafa.

Toh amarya Allah ya sanya alheri, amma wallahi wannan ita ce matsalar da na fi gani a ɗakin duba marasa lafiya. Kusan tabbas akwai sitiroyid a cikin haɗin nan. In kina da tub ɗin da aka matse a ciki ki duba jikinsa, za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, magani ne mai ƙarfi da ake bayarwa na ɗan lokaci saboda wata cutar fata amma mu mun mayar da shi man shafawa, ana saye a kemis da kasuwa ba takardar likita, ana zubawa cikin roba ba suna ba komai. Alamar ƙurajensa ita ce duk girmansu ɗaya kuma tare suke fesowa, saɓanin pimpul na balaga da za ki ga wani babba wani ƙarami wani mai baƙin kai. In aka daɗe fatar tana yin siriri, jijiyoyi su fito raɗau, wasu har gashi ke tsiro musu a kumatu. Dawowar da kike gani in kin daina ba alamar cewa man yana miki magani ba ce, fatar ce ta saba da shi. Dole a raba ki da shi, kuma makonnin farko za ki ga kamar abin ƙaruwa yake, ki daure. Ki je wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi da robar man a hannunki, kar ki ji kunya, ganin ta yana rage mana rabin aiki.

Wata uwa daga Azare: yarona ɗan shekara 5 yana da ƙuraje masu sheƙi a kumatu da ɗan rami a tsakiya, yanzu ƙanwarsa ma ta fara.

Maman yara wannan ramin na tsakiya shi ne shaidar. Molaskam ne, ƙwayar bairos ke kawo shi, ana ɗauka ta tawul da soso da cuɗanya wajen wasa. Yawanci yana tafiya da kansa cikin wata 6 zuwa 18. Kowa da tawul ɗinsa, a yanke musu farce. Babban mutum kam in ya ga sun cika masa fuska ya daure a gwada shi HIV.

Wani bawan Allah daga Kumo: shekarata 45, baƙaƙen ƙuraje ƙanana sun fito min a kumatu, mahaifiyata ma tana da su, an ce in ɗaure su da zare.

Malam gado ne, ya yi yawa a baƙar fata, ba ciwon daji (kansa) ba ne kuma ba a ɗauka. Zare da reza da ruwan batir duk ka bar su, tabon ya fi ƙurjin muni, wani ma ya kumbura ya zama kiloyid, wato tabo mai tudu da tauri. Sai dai hoto a WhatsApp ba ya isa in yanke hukunci, muna dubawa ne da ido da wani madubi mai fitila, mu taɓa mu ji tauri, in mun yi shakka a yanki ɗan kaɗan a kai lab. Duk wanda ya ga guda ɗaya ya fita daban, yana girma, yana jini ko ya zama gyambo ya ƙi warkewa sama da wata guda, musamman zabiya, ya tafi asibitin koyarwa na tarayya (FTH) da ke Gombe ko babban asibiti mafi kusa a satin nan.