Wace rediyo za mu fita da ita fili?

Ka ce ƙungiyarku ta masu rediyon sha'awa za ta shiga Field Day, taron da masu irin wannan rediyo ke kafa tasha a fili suna kiran juna, wanda ake yi a Amurka da Kanada kowace shekara a watan Yuni, kuma yawancinku sababbin hannu ne. To, ku nemi wadda maɓallanta ke a sarari, kamar Icom IC-7300: wat 100, allo mai nuna inda tashoshi suke, ga na'urar daidaita eriya a cikinta. Yaesu FT-891 ta fi sauƙin ɗauka, amma saitinta a ɓoye yake, baƙo sai ya yi ta lalube.

Eriya kuwa, waya ta isa. Don zangon mita 40, a yanka biyu, kowace kimanin mita 10, a ɗaga tsakiyar sama.

Wuta ce ke ba da matsala. Rediyon na jan kusan amfiya 20 lokacin magana, in wayar batir siririya ce sai ƙarfi ya faɗi, ta ɗauke ana tsakiyar kira. Ku sa mai kauri, gajera, da fis kusa da batir. Janareta kuma a kai shi nesa, don hayaniyarsa na shiga rediyo.